Waƙar Dunduniyar Malam

Inna Sumie, ki taimake ni kafin murna da tsoro su raba ni biyu!

Shekarata hamsin da tara, awara nake yi a garin Ono tun ina amarya. Bara na fara zuwa zaman shiru na asuba a haikalin mabiya addinin Zen da ke bayan layinmu. Muna zama a jere, ido a ƙasa, malaminmu Osho Genryu yana zagawa ba takalmi, riƙe da sandar farkar da masu gyangyaɗi. Dokarsa ɗaya ce: tunanin da ya zo, a bar shi ya wuce. To ni kuma, sai na zauna waƙa ke zuwa mini! Ya taɓa kama ni da fensir a hannun riga, ya ce ranar da na sake, in yi zamana gida in ji da wakena.

Wata asuba ya gifta ta gabana, na ga dunduniyarsa duk faso, irin na mahaifina. Nan take layi uku suka faɗo mini:

Sanyin kaka.
Dunduniya mai faso ta wuce,
tabarma ba ta ji ba.

Inna, ban bar ta ta wuce ba. Minti arba'in ina nanata ta a zuci har aka buga ƙararrawa.

Na kai ta taron waƙa na wata-wata. Kin san yadda ake yi, kowa ya rubuta tasa ba suna, a cakuɗa, a zaɓa, in an karanta taka ka ɗaga murya ka faɗi sunanka. Ashe ranar Osho ne babban baƙo. Cikin waƙoƙi sittin, tawa ya ɗauka ta ɗaya! Tawa fa, ni mai awara! Aka karanta, aka jira suna, na yi tsit. Maƙwabciyata Hisae, wadda ta san tawa ce, ta zungure ni, tana raɗa mini wai ko awarar ce ta maƙale mini a wuya. Yanzu ya ce zai rubuta ta da hannunsa a rataye a ƙofar zauren haikali, amma sai mai ita ya fito a taro mai zuwa.

Tun ranar ina dariya ni kaɗai, sau biyu madarar wake tana ƙone mini. Ina son sunana a ƙofar nan kamar me. Amma in na fito, na tona wa kaina asiri ke nan, kuma zaman nan shi ya kwantar mini da hankali bayan rasuwar maigidana. Ba zan iya rasa shi ba. Yaya zan yi?

Mai Awara, daga Ono

*

'Yar'uwa Mai Awara,

Da farko, barka! Waƙar ta yi kyau, na karanta ta sau uku.

Malaminki yana da gaskiyarsa. Minti arba'in ɗin nan ba zama kika yi ba, gadin layi uku kika yi, kuma kin fi ni sanin bambancin. Amma ke ma kina da taki. Da hankalinki yana wurin tukunya, da ba ki ga faso ba. Ganin abin da ke gabanki shi ne abin da yake koya muku, riƙewar ce kuskure.

Sannan ki tsaya ki yi tunani. Mutumin nan ya san ƙafarsa. Ya san ba a ganin wannan dunduniya sai daga kan matashin zama, ya kuma san a hannun rigar wa ya taɓa samun fensir. Duk da haka ya zaɓe ta, ya ce yana jiran suna. Ba na jin mai shirin kora yana haɗa tawada.

Kada ki jira taro. Gobe bayan ƙararrawa ki same shi, ki gaya masa taki ce, ki gaya masa inda kika yi ta, ba kwana-kwana. In ya yi faɗa, ki sunkuya ki karɓa. Daga yau waƙar da ta zo a zaune, sake ta. Wadda take taki za ta biyo ki har bakin murhu.

Ranar taro kuwa, ki faɗi sunanki yadda na bayan zaure zai ji. Ki tafi wa malam da awara mai zafi, da 'yar kwalbar man shafawa saboda dunduniyar.

Ina miki fatan zama mai daɗi da murya mai ƙarfi.

Inna Sumie