Igiyar Birkin da Ka Ɗaura Mini

Ƙanena Clarrie,

Gaisuwa daga Kununurra. Ya ƙafar Mama? Ya Noelene da yara?

Lafiyata lau, sai dai a mota nake kwana, tirelar da nake zaune a ciki, ɗakin nan da nake ja da mota, tana cikin rafi. Na ce ka ɗaura igiyar birkin gaggawar tirela a jikin mota, ka ce, "Yaya, karatu ya yi maka yawa!" Ka ɗaura ta a mahaɗin tirela. Mahaɗin ya ɓalle, ya tafi da igiyar, ba abin da ya fizge ta, birki bai kama ba, tirela ta gangara rafi. Littattafaina yanzu kadoji ke karanta su.

Kada Mama ta ji. Taka ma haka ka ɗaura, Malam Injiniya. Fita ka gyara kafin ka hau hanya da yaran nan.

Yayanka,
Warrick