Bajin da Na Ajiye a Kwalla

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma takarda ba ta dame ka ba, sai ka miƙa mini ka ce idona ya fi naka.

Na fita takaba. Ummi ta koma makaranta, ƙaninka Sale ya samu teburin nama a kasuwar Mayil Wan, ruwan Fatakwal kuma yana nan yadda ka bar shi, ba ya gajiya. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Makon jiya na je yadin kamfanin man da ka yi shekara goma sha ɗaya kana gadi, don in kwaso butarka da dardumarka. Na tarar da wata ma'aikaciya tana zagaya siton nan na kankare, inda suke ajiye ƙarafan da ake zurawa cikin rijiyar mai. Tana riƙe da wata farar na'ura mai kamar ƙwarya, tana ajiyewa, tana jira, tana rubutu. Ta fi daɗewa a gindin bangon da kake kafa bencinka. Wurin da kake yabo, wai ya fi ko'ina inuwa, ga shi yana kallon gabas.

Da Turancina na kasuwa na tambaye ta. Ta ce abin da ke cikin siton yana fitar da wani tururi, niyutiron, ba a ganinsa, ba a jin warinsa, yana ratsa bango kaɗan-kaɗan. Ta ce a wurin bencinka ba shi da yawa, amma ya fi na bakin ƙofa, kuma bai kamata mutum ya wuni a nan kullum ba. Na ce shi ya jawo maka kansar jini? Ta ce ba wanda zai iya rantsewa. Wai bajin da suke ba masu gadi su maƙala a riga shi ke tara lissafin abin da ya shiga jikin mutum, naka kuwa kullum tas yake dawowa, shi ya sa ba a taɓa matsar da kai ba.

Baban Ummi, ka san inda bajin nan yake kwana. Ni na cire shi daga rigarka tun watan farko. Na ce kayan mutane ne, ruwa zai lalata shi, kai kuma ba ka iya adana ko hularka ba. Na naɗe shi a ƙyalle na sa cikin kwallata, sai ranar da za a karɓa a duba nake maƙala maka. Har alfahari nake yi naka ya fi na kowa tsabta. Shekara goma sha ɗaya yana auna kwalla, kai kana can jingine da bango.

Ban gaya wa matar ba. Ban gaya wa Sale ba, ga shi kullum yana tsine wa kamfani ina jinsa. Da na bar shi a ƙirjinka, da sun ɗage bencin? Da yanzu kana nan kana ƙorafin gishirin miya? Na'urarta ba ta auna wannan.

A asibiti ka riƙe hannuna ka ce ka yafe mini duniya da lahira. Na karɓa, na yi kuka, na samu sanyi. Amma ranar ba ka san da wannan ba, ni ma ban sani ba. Yanzu na sani, kuma babu inda zan same ka in sake roƙo.

Allah Ya haskaka kabarinka. Sai na zo.

Matarka,
Maman Ummi