Ɗorawoyin da Ka Bar Mini

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba malamin daji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwar ban girma da addu'ar Allah Ya yalwata makwancinka, ina rubuto maka ne daga unguwar Sih a Madina, inda nake zaune tun da mai gidana ya zo karatu. Muna lafiya, sai dai raina a jagule yake, Baba. Yaya Sale yana tafe Umara, kuma na san ba Umarar kaɗai ta kawo shi ba.

Da aka raba gadonka, gonar bayan gari ta faɗa hannunsa, ɗorawoyin cikinta kuma aka ce nawa ne, tunda ka ba ni su kyauta gaban shaidu tun kana da rai. Ƙasa tasa, itace nawa, kamar yadda ake yi a garinmu. Yanzu wani ya zo zai sayi gonar ya gina gidan mai, kuma fili yake so fetal. Masu gawayi har sun zagaya sun duba kaurin kututturan. Abin da ya rage kawai in buɗe baki in ce na yarda.

Tun da na ji, Baturen nan naka nake ta tunawa, shugaban Amurka na zamanin da, wanda ka ji tarihinsa a rediyo ka riƙe shi kamar ɗan uwanka. A gindin babbar ɗorawar kake zaunar da mu, muna shan garin ɗorawa baki duk ya yi rawaya, kana ba mu labarinsa. Wai yaro ne mai ciwon asma, numfashi ma da ƙyar, amma ya ƙi zama a ɗaki. Ya rasa mahaifiyarsa da matarsa rana ɗaya, ya tafi can cikin makiyaya ya yi kiwo har zuciyarsa ta lafa. Da aka harbe shugaban da yake yi wa mataimaki, mulki ya faɗo kansa, ya taka wa manyan kamfanoni birki, ya sa ido a kan naman da ake sayar wa talaka.

Inda muryarka ke tashi shi ne wajen daji. Ka ce da majalisa ta shirya ɗaure masa hannu, sai ya yi wuf ya killace dazuzzuka masu yawa kafin dokar ta hau kansa. Nakan tsokane ka in ce ai mutumin naka maharbi ne, ya kashe namun daji ba adadi. Sai ka harare ni ka ce, "Ke dai Rabi, ya bar wa jikokinsa inuwa ko bai bari ba?"

To shi yana da alƙalamin mulki, Baba. Ni kuwa bakin nan ne kawai, wanda ko a waya rawa yake idan Yaya ya ce "Rabi" da muryar nan tasa mai sanyi. Shi ya riƙe Inna har ta cika. Shi ke noma gonar, inuwar ɗorawa tana cinye masa gero, ni ina nan ina shan sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ina cewa kada a taɓa mini itace. Na san yadda maganar take a kunnen mutanen gari, kuma ba zan ce ƙarya suke yi ba.

Amma matan unguwarmu ta can gida da kalwar ɗorawoyin nan suke yin daddawa. Ranar Juma'a na je Uhudu sayen dabino, na tarar da wata 'yar Nijar tana sayar da daddawa a ɓoye cikin jakarta. Ina shinshinawa hawaye ya zubo mini, har matar ta ce, "Hajiya, salamat, lafiya?" A garin nan ko itacen da ya fito da kansa cikin Harami ba a sarewa, kuma kullum na wuce wata ƙaya a bakin hanya sai in ji kunyar kaina.

Na san yadda Yaya zai yi. Ba zai tayar da maganar a gida ba. Sai mun fito daga masallacin Annabi, zuciya ta yi laushi, sannan zai ce in taimake shi albarkacin wurin da muke. Wane ne zai iya hana ɗan uwansa abu a nan?

Baba, na yanke shawara zan ce masa a'a, in roƙe shi ya nemi mai sayen da zai noma. Da zai yi mini faɗa ma da na ji daɗi. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne na san halinsa. Zai sunkuyar da kai ya ce "to, shi ke nan," ya hau jirgi ya koma, daga nan in riƙa kira ana ce mini ya fita. Ba ni da wani ɗan uwa a duniya sai shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna. Allah Ya ba ni ƙarfin faɗa masa, Ya sa Yaya ya ci gaba da ɗaukar wayata.

Taka har kullum,
Rabi