Wayar Rediyon Maigida

Zuwa ga Innata, a Birnin Tudu.

Assalamu alaikum. Inna, ina wuninku, ina gajiya, yaya ƙahwar taki? A gaishe min da Baba da Yaya Bawa. Ni ce Farida, daga Mafara. Malama Bushra maƙwabciyata ka rubutawa, ni ina hwaɗi, don salulata tana aljihun maigida tun Sallah.

Jikarki Baturiya lahiya lau, wata goma ke nan, rarrahe take kamar ana korar ta. Shi ne ma abin da yas sa nit tashi aiko maki.

Inna, babanta ya sawo rediyo babba mai sifika biyu, kowace ta kai turmi. Wayar da ake sa mata wuta ta ƙone. Ya tahi kasuwa ran Talata, yad dawo shina zagin masu shago, wai sabuwar wayarsu siririya ce, tana cinye muryar kiɗi. Sai yas samo guntayen waya mai kauri wurin masu injin ban ruwa, guda ukku. Ya zauna da reza ya hwere bakinsu, ya murɗe su wuri guda, ya naɗe mahaɗin da ledar burodi. Babu filogi. Bakin wayar tsirara yake turawa cikin soket, shi danne da tsinken ashana. Kuma ba ta da tsawon da za a bi bango da ita, ta tsakar ɗaki ta ratsa, nan inda yarinya ka wasa.

Na ce don Allah shi sa salatef ko shi ɗaga ta sama. Ya ce yaushe wadda ba ta iya karanta sunanta ba ta san wuta. Ya ce ranar da nit taɓa wayar nan, in haɗa kayana.

Ki yi mana addu'a. Taki, Farida.

Zuwa ga Innata.

Bayan gaisuwa mai yawa, da hwatan kuna lahiya. Inna, ki zauna kahin a karanta maki.

Kwana tara ba a kawo wuta ba, har na saki jiki. In Baturiya ta ja wayar sai in ƙyale ta, tunda matatta ce. Ran Lahadi da hantsi ina wanke shinkahwa a ƙohwar ɗaki, sai rediyo ta hwashe da kiɗi ita kaɗai. Ban ji kukan yarinya ba, Inna, ba ta yi ba. Ta tsige ledar, hannunta na bisa jan ƙarhen, jikinta na rawa. Da muciya nib buge wayar.

Babanta shina zaure. Da yas shigo, rediyon yaf fara dubawa. Wallahi Inna. Ya juya ta, ya shinshina bayanta, ni ina ƙasa ina hura ma yarinya baki.

Tana da rai, alhamdu lillahi. Amma yatsunta biyu sun ƙone har ciki, likita ya ce ƙila ba su ƙara miƙewa. A gaban likita babanta ya ce ni nib bar ta da dutsen guga na tahi hira. Na buɗe baki, ya kalle ni, na ruhe. Malaman asibiti sunka yi ta yi min hwaɗa, wata har da tsaki.

Washegari uwarshi ta zo daga Dosara, ta ce tunda ban iya riƙo ba a yaye ta. Wata goma, Inna! Sunka kwance ta daga bayana. Zanen goyon ma sun tahi da shi. Nonona ya yi dutse, rigata ba ta bushewa.

Ki gaya ma Baba gaskiyar. Taki, Farida.

Zuwa ga Innata.

Ina gaishe ku, ina gaishe da masu jiki. Saƙonki ya iso, na sha jiƙon, zazzaɓin ya sauka.

Na ji an ce Baba da Yaya Bawa za su Dosara ran Juma'a su roƙa a maido min Baturiya. Na san in Baba ya yi magana za a ji kunyarshi a ba shi. Tun da nij ji nike kuka, Malama ta aje biro sau biyu.

Inna, maigida ya gyara wayar. Ya ƙara mata guntu na huɗu, ya naɗe da sabuwar leda, ya maida ta inda take. Jiya ya tara abokanshi su ji yadda murya ta hito, yas sa ni dahwa masu shayi, ina tsallake wayar da buta a hannu. Na durƙusa na roƙe shi, na ce ko ƙusa biyu shi buga a bango. Ya ƙara murya har na bar jin kaina.

Can Dosara ba su da wuta. An ce yarinyar tana kuka, ba ta cin kunu sosai, amma ƙasa ce kawai a ɗakin, duk inda ta rarraha ba abin da zai kama ta.

Don girman Allah ki hana su tahiya. Ki ce ma Baba ni nic ce a bar ta can. In ya tambayi dalili, ki ce ban iya riƙo ba, kowa ya riga ya yarda da hakan.

In wani zai bi ta Maradun, shi biya Dosara shi duba min ko ana wanke mata hannun.

Ɗiyarki, Farida.