Muryarka a Wayar Kowa

Zuwa ga maigidana, Baban 'yan biyu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, murar nan kuma ta sake ka. Yaya aiki, yaya su Fasto da mai na'ura? Mu nan lafiya lau, sai Iya da gwiwarta.

Karatun da kuka ɗauka a na'ura ya iso. Ran Lahadi aka tura mana a waya, yanzu duk gidan da ka wuce Littafi Mai Tsarki ne ke tashi da yarenmu. Iya har da hawaye, wai ba ta zaci za ta ji maganar Allah da harshen uwarta ba kafin ta mutu. Na yi murna, Allah ya sani.

Amma ba ka gaya min kai da malamar asibiti kuka karanta sashen ango da amarya ba. A wurin injin niƙa na ji, a wayar matar tela, ga mata cike. Kana yabon idanunta da gashinta, tana amsa maka da muryar nan tata kamar ba ita ke daka wa marasa lafiya tsawa ba. Matar tela ta ƙara sauti tana kallona, wai ashe malam ya iya. Na yi dariyar dole, na baro garin tuwona a can.

Na sani nassi ne. Na sani ni ma an gwada ni, muryata ta yi ta rawa a ɗakin nan da kuka liƙe da katifu, har mai na'ura ya ce in huta. Amma tun aurenmu ban taɓa jin kalmomin nan a bakinka ba. Ni dai abin da nake ji sai "ina ruwan wanka, ina rigata".

Jiya na je wurin mataimakin Fasto da niyyar in roƙa a cire sashen. Ina zama na ga tsofaffi uku sun kewaye waya ɗaya suna sauraron karatun, sai na gaishe shi kawai na fito.

Kada ka sayo min komai. Na haddace na amaryar duka, ba na tuntuɓe ko ɗaya. Ran da ka dawo za mu kai yara ɗakin Iya, ka faɗi naka, ni in amsa.

Ka gaida abokan aiki. Malamar ma, in ka ga dama.

Taka,
Maman 'yan biyu