Gicciye a Ƙasa

Kakuri, Kaduna
9 ga Oktoba

'Yata Deborah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya Jos, yaya sanyinku? Yaya maigidanki Nathan da yara? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ki. Ni da sauƙi, sai gwiwa, sai kuma kunnen da ya sa kike ihu a waya ina ce miki to, to, alhali ban ji ba. Shi ya sa na koma wa biro.

Ki gaya wa jikata Gloria, matata ta kaina, maganata tana nan. Ranar aurenta a Disamba, Landirobar kakanta ce za ta ɗauke ta daga coci, ni ne kuma a sitiyari, kamar yadda na ɗauko kakarta Edith. Na yaye tamfol ɗin da na rufe motar da shi tun rasuwar mahaifiyarki. Ɓeraye sun ci kujera, kaza ta yi ƙwai a baya inda muke loda buhunan citta, amma injin bai mutu ba. An yi faci, an shafa koren fenti irin nata na asali.

Wuta ce matsala. Wayoyin sun tsufa, kana taɓawa suna marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Na kira Anas, mai gyaran wutar mota a Makera, magidanci mai natsuwa. Ya cire tsohon dainamo ya sa altaneta, wato injin cajin batir na zamani, ya sake wayoyi duka, ya ƙara akwatin fiyus. Ya yi mini bayani mai tsawo a kan batir. Na gyaɗa kai kawai. Mutumin da ya yi makarantar koyon sana'a tun ba a haifi uban Anas ba, ya kuma riƙe garejin masaƙa har aka rufe ta, ai ba a koya masa batir.

Jiya na kunna fitilu, hasken ya kai katangar maƙwabta. Na daɗe a tsakar gida ina kallo, ba wanda zan nuna wa.

Ki gaishe mini da kowa.

Babanki,
Caleb Dogara


Kakuri
2 ga Nuwamba

Deborah 'yata,

Ina gaishe ku duka, da fatan kuna lafiya. Na sami zuman da kika aiko, Allah ya yi albarka.

Labarin ba daɗi. Ranar Talata da safe motar ta yi hayaƙi. Wari ya cika gida, altaneta ta ƙone, wasu sababbin wayoyin sun narke. Maƙwabcina Monday yana wurin, shi ya fizge kan batir da tsumma. Ya ce aikin yaran zamani ke nan, kwalliya a sama, ruɓa a ƙasa. Ya faɗa a majalisar shayi, ya faɗa a coci, har wani ɗan ikilisiyarmu ya je ya janye bas ɗinsa daga shagon Anas.

Anas ya zo, ya leƙa, ya daɗe yana kallon wurin batir. Ya kwance altanetar ya tafi da ita.

Kada ki gaya wa Gloria tukuna. Ba na jin daɗin abinci kwanakin nan, amma kada ki damu.

Babanki,
Caleb


Kakuri
20 ga Nuwamba

'Yata abin ƙaunata,

Salama gare ki da gidanki. Ina fata wasiƙar nan ta same ki a zaune, ke kaɗai.

Wasiƙata ta baya babu ƙarya a cikinta, amma gaskiyar ma ba ta ciki. Ni na ƙona motar.

Kin san halina, in na ji labarin ɓarayi a unguwa ba na barin batir ya kwana a waje, kuma tun gyaran ba a cire shi ba sai wannan karon. Ranar Litinin na roƙi Monday ya shigar mini da shi ɗaki, da safe ya fitar, ya tafi wanke hannu, ni na haɗa. A zamaninmu, motocin Ingila irin wannan, kan batir mai alamar gicciye, wato alamar tarawa, shi ake haɗawa da jikin mota, wanda mu makanikai muke kira ƙasa. Malaminmu yakan buga tebur ya ce gicciye a ƙasa ake kafa shi. Altaneta kuwa akasin haka take so, kuma abin da Anas ya tsaya yana gaya mini ke nan ranar da nake gyaɗa kai. Rabi ban ji ba, rabi na raina. Na ga batirin ya juya baya, na ce Anas ya yi kuskure, na juyo shi. Maƙalar wayar ta ƙi shiga, don kan gicciye ya fi ɗan'uwansa kauri. Ƙarfe da kansa ya ce mini a'a, Deborah. Na ɗauki sukundireba na buɗe bakinta da ƙarfi.

Kafin hayaƙin ya washe na gane abin da na yi. Da Monday ya fara zagin Anas, na yi shiru. A majalisa aka tambaye ni, na ce to, Allah ya kyauta. Tsoro nake ji kada ki ji, ki ce Baba ya tsufa, ki karɓe makulli. Sai na bar mai iyali ya ɗauki kayana. Anas kuma ya ga bakin maƙalar nan a wage. Ya sani, na san ya sani. Duk da haka in ya wuce a babur sai ya rage gudu ya gaishe ni, ni kuwa in rasa inda zan sa idona.

Ranar Lahadi a coci, lokacin sanarwa, na ɗaga hannu. Na dogara sanda na faɗa wa ikilisiya duka. Matan zumuntar coci suka sunkuyar da kai, gara ma da sun yi dariya. Litinin na hau Keke Napep zuwa Makera tare da Monday, na maimaita a gaban shagon, da ƙarfi, don masu shagunan gefe su ji. Anas ya tashi ya ba ni bencinsa, ya ce ya wuce. Mai bas ya mayar da motarsa. Wasu masu kai masa aiki ba su dawo ba tukuna, wannan yana wuyana.

Motar ta tashi. An gyara altaneta, an ɗaure batir da ƙarfe da kwaɗo, ni na ce a yi haka, makullin kwaɗon yana aljihun Anas. Jiya muka fita gwaji har Unguwar Boro. Ya miƙo mini makullin mota, na dubi hannuna, na mayar masa. Hannun da ya ƙi jin maganar ƙarfe ba zan ɗora masa amarya ba. Na zauna a kujerar mahaifiyarki. Ban taɓa zama a wurin ba sai jiya.

Don haka ki karanta wa Gloria wannan da bakinki. Motar za ta zo ƙofar coci, da fitilunta da ƙahonta, amma Anas ne zai tuƙa, ya yarda. Rabin alkawarina ya faɗi, ina neman gafararta. In ta amince, kujerar gaba tana ɗaukar mutum uku. Zan zauna kusa da matata in riƙe mata fure. Angon nata kuma ya hau baya, wurin citta, ya riƙe ƙarfe da kyau.

Ki amsa mini da biro, ba da waya ba. Ina so in ji duka.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Caleb Dogara