Shafi Na Huɗu Ya Tsaya Cik

Daren Laraba, Kinkinau

Yau Injiniya Bala ya miƙo mini bayanin da ya rubuta a kan dibaga, abin nan na kwamfuta mai bin firogiram layi-layi yana tono kuskure. Yanzu an ƙara masa dabara: ka rubuta masa jerin umarni, ya yi ta binciken shi kaɗai. Wai in duba masa Turancin kawai, ran Litinin zai koyar da ma'aikatan wani ofishi. Ni na samo masa aikin, in aka ji kunya sunana ne zai ɓaci.

Shekara tara ina sayar da rediyo a kasuwa, ban taɓa karɓar kaya ban jona na ji ba. Sai na zauna gaban injin na bi takardar kamar baƙauye, abin da ta ce shi kaɗai nake dannawa. A shafi na huɗu komai ya tsaya cik.

"Haba Sani, jiya ma ya yi!" in ji shi.

Na ce, "Yallaɓai, zauna ka yi, ni hannunka zan kalla."

Yana zama yatsunsa suka buga wani umarni da babu shi a takardar. Na riƙe hannun na ce, "Wannan fa, a wane shafi yake?" Sai ya turo mini biro.

Saura shafi goma sha ɗaya. Gobe da sassafe zan koma, kuma ba zai sake taɓa injin nan ba sai na gama.